Yadda Ake Zaɓar Fukafukan Kabon da Ɗaura Su a Kan Helikwaftan Rimot

A jikin ƙaramin helikwaftan da ake tuƙawa da rimot, babu ɓangaren da ya kai fiffiken babbar farfela shan wahala, kuma babu wanda ya kai shi haɗari ga matuƙi da masu kallo. Ana raba waɗannan jirage aji-aji ne bisa girmansu. Jirgi ɗan aji 700, wanda faɗin da'irar farfelarsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, idan yana juyi 2000 a minti guda, ƙarshen fiffikensa yana keta iska da gudun da ya kusa kilomita 600 a awa, sannan ƙusa ɗaya tak da ke riƙe da gindin fiffiken tana fama da ja wanda ya wuce nauyin kilo 300. Ko ɗan ƙaramin nan na aji 450 da ake rainawa, idan ya kai juyi 3000 a minti, ƙarshen fiffikensa yana yin wajen kilomita 400 a awa. A watan Satumba na 2013 wani matashi ɗan shekara 19 ya rasa ransa a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka, bayan farfelar jirginsa ta same shi a ka. Don haka duk matakan da za su biyo baya, tun daga zaɓe har zuwa ajiya, an gina su ne a kan abu guda: fiffiken kabon yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana ɓoye rauninsa, kuma awo da bincike ne kaɗai ke tona shi.

Abin da ke cikin fiffiken

Zaren kabon siriri ne fiye da gashin kai, kaurinsa wajen maikiromita 7, kuma ana samar da shi ne ta hanyar gasa wani zaren roba a zafi mai tsanani inda babu iskar oksijin, har sai kusan kabon zalla ya rage. Kamfanin Toray na Japan yana cikin manyan masu yin sa a duniya. Masu ƙera fukafukai suna shimfiɗa wannan zare hawa-hawa a cikin mazubi, su jiƙa shi da ƙaron ifoksi, su cika tsakiyar da soso mara nauyi, sannan su binne ɗan sandan dalma kusa da bakin gaba domin cibiyar nauyi ta matso gaba. Abin da ake samu fiffike ne mai tauri wanda ba ya murɗewa idan an matsa masa, shi ya sa jirgin ke bin umarnin rimot nan take. Sai dai kabon ba ya lanƙwasa ya zauna a lanƙwashe yadda ƙarfe ke yi har a gani a gane. Hawayen zaren suna iya rabuwa da juna daga ciki alhali fatar waje tana ƙyalli kamar sabuwa.

Mataki na farko: a tabbata kabon ne ya dace

Ba kowane matuƙi ne ya kamata ya fara da kabon ba, kuma a ganina wanda bai iya tsayar da jirgi wuri ɗaya a sama ba tukuna ya dakata. Dalili shi ne, idan jirgi ya faɗi da fiffiken katako ko na roba, fiffiken ne ke karyewa ya shanye mafi yawan bugun. Na kabon kuwa yakan tura bugun cikin kan farfela, ya lanƙwasa sandunan ƙarfe, ya karya haƙoran sarbo (ƙananan injinan da ke motsa fukafukai bisa umarnin rimot), gyaran ya ninka. Ɗan koyo ya yi ta atisaye a manhajar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta, ya yi amfani da fukafukai masu sauƙin kuɗi, da sharaɗin ba zai wuce iyakar juyin da aka rubuta musu ba, domin fiffiken katako da aka tilasta wa gudu fiye da ƙima yana iya tsinkewa daga gindi. Da zarar an fara ɗaga gudun farfela, ko ana son juya jirgi a kife, to kabon ya zama dole.

Mataki na biyu: awo uku kafin a yi oda

Wanda ke zaune a Zariya galibi ta intanet zai yi odar irin wannan kaya, kuma mayar da abin da bai dace ba wahala ce da asara, saboda haka a gama awo kafin a biya kuɗi. Awo na farko shi ne tsawo, kuma daga tsakiyar ramin ƙusa ake auna shi zuwa ƙarshen fiffike, ba daga ƙarshen gindi ba. Jirgi ɗan aji 450, irin T-Rex 450 na kamfanin Align, milimita 325 yake ɗauka, ɗan aji 500 wajen milimita 425, ɗan aji 600 daga milimita 600 zuwa 620, ɗan aji 700 kuma daga milimita 690 zuwa 710. Awo na biyu shi ne kaurin gindi, wanda dole ya shiga daidai cikin bakin mariƙi, wato hannun da ke riƙe fiffike a kan farfela: a fiffike mai milimita 325 yakan zama milimita 4.5, a manya kuma milimita 12. Na uku shi ne faɗin ramin ƙusa, milimita 3 a ƙananan jirage, 4 ko 5 a manya. Littafin da ya zo da jirgin shi ne alƙali a nan, amma ya fi kyau a auna tsohon fiffiken da mariƙin da hannu a gwada da abin da littafin ya ce.

Akwai kuma siffar fiffiken. Wanda samansa da ƙasansa suke da lanƙwasa iri ɗaya shi ne na masu wasan juyi da tashi a kife, domin yana ɗagawa daidai ta kowace fuska. Wanda samansa ya fi ƙasansa tudu ya fi ɗagawa da ƙaramin ƙarfi, batir ya fi daɗewa da shi, amma na tashi a miƙe ne kawai. A kuma duba ko an yi fiffiken ne don kan farfela mai sandar daidaito (siririyar sandar da ke gicciye da fukafukai tana hana jirgi tangaɗi) ko don kai mara ita, wanda na'urar jairo mai gano karkatar jirgi ke daidaitawa, domin wurin da cibiyar nauyi ta zauna ya bambanta a tsakaninsu. Kada a ruɗu da zanen saƙa baƙi da ke jikin fiffike, don akwai na roba ko na zaren gilashi da ake yi wa wannan ado kawai. Fiffiken da mai sayarwa bai faɗi nauyinsa da iyakar juyinsa ba, a bar masa kayansa.

Wani zai yi sha'awar ƙara tsawo saboda yanayin garinmu, kuma tunanin yana da tushe. Zariya tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 600 daga bakin teku, kuma da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 38, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin bakwai idan aka gwada da iskar bakin teku mai digiri 15 wadda masu ƙira ke lissafi da ita. Jirgin zai ji kamar ya yi nauyi, injin kuma ya fi ɗaukar zafi. Maganin da ya fi aminci shi ne a ɗan ƙara kusurwar fiffike ko gudun farfela a cikin iyakar da aka yarda, ko a tashi da sassafe. Idan har za a ƙara tsawo, a juya fiffiken ta bisa jela a tabbata ƙarshensa ba zai haɗu da farfelar jela ba ko da ya sunkuya, kuma a sani injin da batir za su ƙara ɗaukar kaya.

Mataki na uku: binciken sabon kaya

Da kaya sun iso, a fitar da su a haske mai kyau a bi da ido da yatsa tun daga gindi har ƙarshe. A duba bakin baya, inda fata ta sama da ta ƙasa suka haɗu, ko akwai wurin da ya buɗe. A duba kewayen ramin ƙusa ko akwai tsaga, komai ƙanƙantarta. A riƙe gindi da ƙarshe a ɗan lanƙwasa a hankali kusa da kunne, domin fiffike lafiyayye shiru yake yi, mai rauni kuwa yakan yi ƙaras-ƙaras. Sannan a ɗauki kwabo ko bakin cokali a riƙa ƙwanƙwasa jikin a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Inda hawayen suke manne sautin yakan fito garau, inda suka rabu kuma sai a ji ya dushe. A ƙarshe a haɗa fukafukan biyu ciki da ciki a hango su ta tsawo, ko ɗaya ya murɗe. Fukafukai bibbiyu ake haɗa su tun daga masana'anta, don haka ba a ɗaukar ɗaya daga wannan kwali a haɗa da ɗaya daga wancan, ko da kamfaninsu da tsawonsu ɗaya ne.

Mataki na huɗu: daidaita nauyi

Nan ne ya kamata a zauna a natsu, domin mafi yawan girgizar da ke lalata boris, ta kwance ƙusoshi, ta kuma rikita jairo, daga nan take farawa. Ana buƙatar ƙaramin sikeli na lantarki mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin wanda masu sayar da gwal ke amfani da shi, da reza ko siririn sandan ƙarfe, da rula, da alƙalamin maka, da salatif mai ƙarfi. A kashe fanka a rufe taga, musamman a hunturu, don ɗan motsin iska ya isa ya ɓata awon.

Abu biyu ake nema su zo ɗaya, nauyi da cibiyar nauyi, kuma da yawa suna tsayawa a na farko. Fukafukai biyu suna iya zama nauyi ɗaya a sikeli amma ɗaya nauyinsa ya fi karkata wajen ƙarshe, kuma da zarar sun fara juyawa wannan zai fi ɗan'uwansa jan kan farfela. A fara auna kowanne a rubuta. Daga nan a kafa rezar a tsaye, bakinta mara kaifi a sama, a ɗora fiffike a gicciye a riƙa matsar da shi har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, a yi alama a wurin. A yi wa na biyu haka, sannan a auna nisan kowace alama daga tsakiyar ramin ƙusa.

Idan alamun sun zo daidai, ko bambancin bai wuce milimita ɗaya ba, aikin ya yi sauƙi: a naɗa salatif a kan alamar fiffiken da ya fi rashin nauyi har sikeli ya nuna sun yi ɗaya. Idan kuwa alamun sun bambanta, sai a fara gyara cibiyar, kuma a jikin mara nauyin za a yi aikin. In cibiyarsa ta fi kusa da gindi, a sa ɗan salatif wajen ƙarshe domin ta matsa waje, in ta fi kusa da ƙarshe, a sa wajen gindi. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana sake ɗorawa a kan rezar har cibiyoyin biyu su haɗu. Bayan haka a sake hawa sikeli, duk wanda ya rage nauyi a cike masa da salatif a daidai kan cibiyarsa, tunda nauyin da aka ɗora a nan ba ya gusar da ita. Wajen naɗin, salatif ya rungumi bakin gaba, bakunansa biyu su ƙare ta wajen baya, don kada iska ta sami inda za ta ɓamɓare shi.

Domin tabbatarwa, a zura ƙusa doguwa ta ramukan biyu, a miƙe fukafukan ɗaya hagu ɗaya dama a layi ɗaya, a ɗaure, a ɗora ƙarshen ƙusar biyu a bakin kofunan gilashi biyu masu tsawo ɗaya. Idan sun tsaya a kwance, an gama. Fukafukan kamfanonin kirki sau da yawa ba sa buƙatar komai, amma aunawar ba ta cin minti goma. A nawa hukuncin, ƙaramin fiffike mai milimita 325 da ya bambanta da ɗan'uwansa da giram guda cur ba abin gyara ba ne, alama ce ta ƙira mara kyau.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Kafin a taɓa kan farfela a cire batir. Idan aikin yana buƙatar wuta, a zare wayoyin injin ko a janye shi daga babban giya, kada a dogara da makunnin rimot kaɗai. Mafi yawan waɗannan jirage farfelarsu tana bin hannun agogo idan an duba daga sama, kuma bakin fiffike mai kauri shi ne ke gaba. A yi amfani da ƙusar da aka yi don wannan aiki, wadda sashenta mai santsi, mara zare, shi ne ke ratsa gindin fiffiken, domin zaren ƙusa yana cin ramin kuma a nan ƙusa ta fi saurin karyewa. Ƙusar kasuwa da ba a san ƙarfinta ba ba ta da wuri a nan. Notin kuma ya zama mai zoben roba a ciki, a sauya shi idan ya fara shiga ba tare da turjiya ba. Idan gindin bai cika bakin mariƙi ba, a cike da wosha masu kauri ɗaya sama da ƙasa.

Ƙarfin ɗaurin yana da gwaji sananne. A miƙe fukafukan, a kwantar da jirgin a gefensa yadda za su kasance a kwance: bai kamata su faɗo da nauyin kansu ba, amma idan aka ɗan girgiza jirgin su motsa. Idan sun yi sako-sako, fiffike na iya naɗewa baya lokacin tashi ko sauka ya sare bututun jela. Idan sun yi tsauri da yawa, ba za su iya miƙewa su sami wurin zamansu ba, jirgin ya riƙa rawa a ƙasa tun kafin ya tashi. Dukansu biyu su zama ɗaurin ƙarfi ɗaya.

Mataki na shida: kusurwa

A ɗora ma'aunin kusurwa a kan fiffike, jirgin yana bisa tebur shimfiɗaɗɗe. Idan sandar rimot ta ɗagawa tana tsakiya, kowane fiffike ya nuna sifili, kuma a auna su ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, a gyara da sandar haɗin kowanne, wato siririyar sandar da ke tura hannun mariƙinsa. Masu wasan juyi sukan sa digiri 11 zuwa 13 sama da ƙasa. Mai tashi a miƙe ba ya buƙatar haka, ya taƙaita na ƙasa zuwa digiri 2 ko 3 a saitin rimot domin kada jirgin ya doki ƙasa idan ya sauke sanda da sauri. Jirgi yakan tsaya a sama a wajen digiri 5 ko 6. Tunda kabon yana tare siginar rediyo, a yi amfani da wannan zama a tabbata bakunan eriya biyu sun fito fili daga jikin firam ɗin jirgin, wanda shi ma yakan zama na kabon, suna fuskantar sassa dabam-dabam.

Mataki na bakwai: gwaji a fili

Zaɓen wuri a Zariya yana buƙatar hankali fiye da sauran garuruwa da yawa. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta ƙasa, wadda aka kafa a 1964, tana da filin jirginta a Palladan, kuma jiragen ɗalibai suna shawagi ƙasa-ƙasa a sararin garin. Ga kuma Depot na sojoji da barikin Basawa. A yi nisa da duk waɗannan, a kuma nemi sanin ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, game da jirage marasa matuƙi kafin a fita. Fili ya zama ba wayoyin lantarki, tunda wutar lantarki tana bi ta cikin kabon, ba dabbobi, kuma a tafi da babban mutum wanda aikinsa kawai shi ne tsare yara, don ƙarar farfela tana tara su cikin ɗan lokaci.

A liƙa ɗan salatif mai launi a ƙarshen kowane fiffike, ja a ɗaya fari a ɗaya, girmansu ɗaya. A tsaya nesa da jirgin kamar mita 10, a sa tabarau, a tayar da farfela a hankali, a ɗaga jirgin ya tsaya. Mataimaki ya hango gefen da'irar farfela daga nesa. Idan layi ɗaya siriri ya gani, fukafukan suna bin sawu ɗaya. Idan biyu ya gani, ya faɗi launin da ke sama. A sauka, a danna makunnin tsayar da inji, a jira farfela ta tsaya da kanta, sannan a rage kusurwar na sama ko a ƙara ta na ƙasa da juyi ɗaya na sandar haɗi, a sake gwadawa. Ko tsawaita sandar ne ke ƙara kusurwa ko gajarta ta, wannan ya danganta da ɓangaren da hannun mariƙi yake, don haka a duba da ma'auni maimakon zato. Sawun da ke haɗuwa yana rabuwa da kansa galibi ba laifin fiffike ba ne. A duba robobin da ke cikin kan farfela, da sandar da ta ratsa mariƙan biyu, da boris masu ɗaukar ja, waɗanda zobensu mai faɗin rami ke fuskantar ciki, mai matsattsen rami kuma waje.

Bayan tashi, da bayan faɗuwa

Ƙurar hunturu tana goge bakin gaba sannu a hankali, damina kuma tana manna ƙwari da ɗanyar ciyawa, kuma duka biyun suna rage ɗagawa. A goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ban da fetur ko tina. A naɗe fukafukan baya a sa su cikin soson da ke riƙe su a kan jela. Kada a bar su cikin motar da aka rufe a rana, domin baƙin abu ne mai shan zafi kuma ifoksi yana laushi idan ya gasu, fiffiken ya murɗe ba tare da an lura ba.

Fiffiken da ya doki ƙasa, ko bututun jela, ko reshen bishiya yana cikin gudu, ya gama aiki, shi da ɗan'uwansa, ko da ido bai ga komai ba. Ɗan ƙarce a fenti ba matsala ba ne idan gwajin ƙwanƙwasa da na lanƙwasa sun fito lafiya, amma tsaga a gindi, ko buɗewar bakin baya, ko fari-fari a kewayen ramin ƙusa, ba a toshe su da gam. Gam yana rufe fata ne kawai, ba ya haɗa zaren da ya tsinke, kuma zaren ne ke ɗauke da nauyin. Kafin a ɗaura sababbi a cire fiffike ɗaya, a juya sandar da ta ratsa mariƙan da makullinta ana kallon ƙarshen ɗayan: idan yana hawa yana sauka, sandar ta lanƙwashe. Babbar sandar tsakiya kuma a cire ta a mirgina a kan gilashi. Tsofaffin fukafukan a sa safar hannu a yanka su gida biyu da zarto ana zuba ruwa domin ƙurar kada ta tashi, tunda tana cutar da huhu kuma tsinin zaren yana shiga fata, sannan a naɗe gutsattsarin a kwali a ɗaure kafin a zubar, yadda yaro ba zai tsinta ba kuma wani ba zai mayar da su kan jirgi ba.